Martani ga Mai Cewa a Bar Jariri Ya Yi Ta Kuka

Kwanakin baya wani marubuci ya yi dogon sharhi a jarida kan tarbiyyar 'ya'ya, inda ya ɗora alhakin sangartar yaran zamani a wuyan iyaye matan da ba sa iya jin kukan jariri su daure. A ganinsa, jariri na motsa baki sai a sure shi, a ba shi nono, a goya shi, kuma ta nan yake gane cewa kuka makami ne, ya saba da hannu, ya tashi rago mai liƙe wa uwa. Maganin da ya bayar shi ne a tabbatar jariri ya ƙoshi, a wanke shi, a kwantar da shi, in ya so ya yi kukansa har ya gaji ya yi barci. Ya kafa hujja da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ya ƙara da cewa ka ƙi naka duniya ta so shi. Daga ƙarshe ya ce duk wannan magana ta shaƙuwa tsakanin jariri da mai rainonsa da likitoci ke yaɗawa kayan aro ne daga Turawa, don kakanninmu da ke kunyar 'ya'yansu na fari ba su san da ita ba. Damuwar da ta sa shi rubutu ta gaskiya ce, akwai yaran da aka sangarta, kowa ya san su. Sai dai malamin ya zuba jaririn wata uku da yaro ɗan shekara huɗu a kwando ɗaya, ya yanke musu hukunci ɗaya, kuma daga wannan kuskure sauran kurakuransa suka tsiro.

Mu fara da batun aro, domin tarihi ya juya wa malamin baya a nan. Koyarwar da ke cewa a bar jariri ya yi ta kuka tana da iyaye sanannu, kuma babu Bahaushe a cikinsu. A 1894 wani likitan yara a Amurka, Luther Emmett Holt, ya fitar da littafin raino da ya karɓu ƙwarai, inda ya koyar da cewa kuka motsa huhu ne ga jariri, kuma a guji jijjiga shi. A New Zealand, Truby King ya yaɗa tsarin shayarwa da agogo, duk bayan awa huɗu, ba nono da dare. A 1928 John B. Watson, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya gargaɗi iyaye kan rungumar 'ya'ya da sumbatarsu da ɗora su a cinya, wai soyayyar uwa haɗari ce ga yaro. Waɗannan su ne malaman marubucinmu, ko ya sani ko bai sani ba. Ita kuwa maganar shaƙuwa da yake kira baƙuwa, gaskiya ne likitan Ingila John Bowlby ne ya tsara ta a matsayin nazari, tun daga rahoton da ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1951. Amma shaidar farko da aka tattara da ido a cikin gidajen mutane, a Afirka aka tattara ta. A 1954 da 1955 Mary Ainsworth ta riƙa ziyartar iyalai 26 a ƙauyukan Baganda kusa da Kampala, tana zama tana kallon yadda mata ke goyo da shayarwa da lallashi. Abin da matan Uganda suka nuna mata shi ne ta kai Amurka ta gwada.

A birnin Baltimore ta sake bibiyar iyalai 26, ana zuwa kowane gida duk bayan mako uku, a yi kusan awa huɗu ana rubuta abin da ya gudana, har yaron ya cika shekara. Abin da take aunawa ya fi saurin ɗauka faɗi. Tana duba ko mai raino na lura da alamar da jariri ya yi, ko ta fassara ta daidai, ko ta amsa da abin da ya dace, kuma ko ta amsa a kan kari. Uwar da ke cusa wa jariri nono alhali barci yake ji ta amsa da sauri, amma ba ta amsa daidai ba. Da yaran suka kai shekara ɗaya, sai aka kai kowanne wani ɗaki da bai sani ba, na kimanin minti 20, uwar ta fita ta dawo, a ga yadda zai tarbe ta. Yaran da aka saba amsa musu, in uwar ta dawo sukan nufe ta, ta rarrashe su, nan da nan su sauka su koma wasa. Waɗanda aka saba yi wa ko oho, wasunsu sukan kau da kai kamar ba su gan ta ba, wasu kuma su liƙe mata suna fushi, rarrashi ya ƙi ci. A 1972 Ainsworth da Silvia Bell suka bayyana cewa jariran da aka fi saurin amsa kukansu a watannin farko su ne suka fi ƙarancin kuka a ƙarshen shekara, don sun koma nuna buƙatarsu da murya da hannu da ido. Wani sakamakon daga waɗannan gidaje, wanda ya fito a 1971, ya fi shafar malaminmu kai tsaye: yaran da iyayensu mata suka fi kula da alamunsu sun fi jin magana in an ce su bari ko su zo. Biyayyar da yake nema ta fi yawa a ɓangaren da yake zargi.

Malamin ya yi gaskiya da ya ce jariri na koyo daga abin da ke biyo bayan kukansa. Tambayar ita ce me yake koyo. Jaririn wata biyu ko uku bai da wayon da zai ƙulla dabara, ya ce bari in yi kuka don in juya uwata. Abin da ke gare shi jiki ne da bai iya kwantar da kansa ba. In yunwa ko sanyi ko ciwon ciki ko firgici ya taso masa, bugun zuciyarsa ya hau, numfashinsa ya rikice, ba shi da hanyar sauko da su shi kaɗai, sai da ɗumin jikin wani da jijjiga da tsotso da muryar da ya sani. Ana yi masa haka sau ɗaruruwa, a hankali jikinsa ya koyi hanyar saukowa daga tashin hankali zuwa natsuwa, ya kuma fara tsammanin cewa in abu ya dame shi akwai mai zuwa. Haƙurin da muke so mu gani a wurin babba daga nan yake somawa, aron natsuwar mai raino yaro yake yi kafin ya mallaki tasa. Wanda ke shakkar cewa ɗan wannan taliki na bibiyar amsar da ake ba shi, ya duba gwajin da Edward Tronick ya bayyana a shekarun 1970. Uwa na wasa da jaririnta, sai a ce ta ɗaure fuska ta yi shiru na 'yan mintuna kaɗan. Jaririn zai yi murmushi, ya yi gwaranci, ya miƙa hannu, duk don ya dawo da ita. In abin ya ƙi, sai ya kau da kai, jikinsa ya yi laushi, ko ya fashe da kuka. An maimaita wannan gwaji a ƙasashe da yawa, sakamakon bai sauya ba. Jariri na iya yin shiru don ya natsu, yana kuma iya yin shiru don ya fid da rai, kuma mai saurare daga tsakar gida ba zai bambance su ba.

Cewar da malamin ya yi in ciki ya cika, jiki ya bushe, to an gama da jariri, ita ma an gwada ta. A 1958 Harry Harlow na Jami'ar Wisconsin ya bayyana abin da ya gani da ya raba 'ya'yan birai da iyayensu, ya ba su uwar ƙarya iri biyu, ɗaya ta waya mai ɗauke da madara, ɗaya lulluɓe da tattausan ƙyalle. 'Ya'yan biran sukan je wurin ta waya su sha, su koma su wuni manne da ta ƙyalle, kuma in an tsorata su wurinta suke gudu. A kan mutane kuwa, Romaniya ta ba duniya darasi mai ɗaci. Bayan gwamnatin Ceaușescu ta hana zubar da ciki a 1966 don ƙara yawan jama'a, talauci ya sa dubban iyaye suka miƙa 'ya'yansu gidajen marayu na gwamnati, inda ma'aikaciya ɗaya ke duba jarirai da yawa, a ciyar da su, a wanke su bisa jadawali, a mayar da su gado. Da mulkin ya faɗi a 1989 duniya ta ga halin da suke ciki. A farkon shekarun 2000 Charles Nelson da Charles Zeanah da Nathan Fox suka ɗauki yara 136 daga irin waɗannan gidaje a Bukarest, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi aka ba iyalai riƙonsu, rabi suka ci gaba da zama inda suke. Da suka kai wata 42, kusan rabin waɗanda aka ba riƙo sun samu shaƙuwa mai natsuwa da masu rainonsu, a ɗaya ɓangaren kuwa ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba, kuma waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu sun fi farfaɗowa. Ba adalci ba ne a kwatanta uwar da ta bar ɗanta ya yi kukan minti goma da gidan marayun Bukarest, kuma ba haka nake nufi ba. Abin da Romaniya ta rushe shi ne tushen da malamin ya gina maganarsa a kai, wato cewa ƙoshi da tsabta su ne iyakar buƙatar jariri.

Mai kaifin hankali zai iya cewa gidaje 26 sun yi kaɗan a kafa hukunci da su, kuma ƙila abin a juye yake: jariri mai sanyin hali ne ke sa uwarsa ta zama mai saurin amsawa, mai rigima kuma ya gajiyar da tasa. Wannan suka ce mai nauyi, an kuma yi wa Ainsworth ita tun tana raye. Amsarta ta zo daga gwaje-gwajen da aka sauya halin mai raino da gangan don a ga abin da zai faru da yaro. A Holan, Dymphna van den Boom ta zaɓi jarirai 100 waɗanda tun kwanakin farko aka auna aka ga masu rigima ne, duk daga gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Rabin iyayen aka kai musu ziyara sau uku kacal tsakanin wata shida da wata tara, ana nuna musu yadda za su karanci alamun 'ya'yansu su amsa. Sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna kashi 62 cikin 100 na 'ya'yan waɗanda aka koyar sun samu shaƙuwa mai natsuwa a shekara ɗaya, na sauran kuwa kashi 22. Rigimar haihuwa iri ɗaya ce a ɓangarorin biyu, raino ne ya bambanta. A New York, Elizabeth Anisfeld ta raba wa wasu mata talakawa masu jego abin goyo na ƙyalle da ke manna jariri da jikin uwa, wasu kuma ta ba su kujerar roba ta ajiye jariri. A wata 13, kashi 83 cikin 100 na waɗanda aka goya sun natsu da iyayensu, na 'yan kujera kashi 38. A Montreal ta Kanada, wani gwaji na 1986 da mata 99 ya nuna ƙara yawan ɗaukar jariri ya rage kukansa da kashi 43 cikin 100 a mako na shida. A unguwar Khayelitsha kusa da Cape Town, matan unguwa da aka horar sun riƙa ziyartar masu ciki da masu jego, kuma a wata 18 kashi 74 cikin 100 na 'ya'yan waɗanda aka ziyarta sun samu natsuwar shaƙuwa, na sauran kashi 63. Abin ban dariya, abin da masana a New York suka raba a matsayin sabon kayan gwaji, zane da majanyi ne a kowane gidan Bahaushe.

Duk da haka bai kamata a zuzuta abin ya wuce yadda yake ba, don masu goyon bayan wannan ra'ayi ma sukan yi wuce gona da iri su jefa mata cikin zargin kai. Da aka haɗa bincike 66 wuri ɗaya a 1997, waɗanda suka shafi iyaye mata da jarirai sama da 4,000, an ga alaƙar da ke tsakanin kulawar uwa da natsuwar ɗa tabbatacciya ce amma matsakaiciya. Talauci da zaman lafiyar gida da lafiyar uwa duk suna da nasu kason. Sakamakon Montreal bai fito da irin wannan ƙarfi ba a wasu gwaje-gwajen da suka biyo baya. Wani bincike a Holan a 1991 da ya nemi maimaita aikin Bell da Ainsworth bai samu abin da suka samu ba, ya ma nuna cewa ɗan jinkiri kan ƙananan ƙorafe-ƙorafe na iya rage yawansu. Tronick kansa ya auna ya ga cewa ko a wurin uwa da ɗa masu lafiya, lokacin da suke daidai da juna bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku ba, sauran duk saɓani ne da gyara, a kuskure a dawo a shirya. Saboda haka amsa kiran jariri ba ya nufin uwa ta yar da muciya a guje duk lokacin da ya yi ƙugi. Gogaggiyar mai raino ta san bambancin gurnanin mai neman barci da kukan yunwa da ƙarar mai jin ciwo, kuma takan ɗan saurara ga na farko ta ruga ga na ƙarshe. Kukan kurciya ma jawabi ne, in ji Hausawa. Malamin bai ce a koyi bambancewa ba. Cewa ya yi a toshe kunne, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan bincike da ya ba shi wannan.

Hujja mafi ƙarfi da zai iya kawowa, ko da yake bai kawo ta ba, ita ce ta horon barci. A Ostireliya an bibiyi yaran da aka koya wa barci ta hanyar barinsu su ɗan yi kuka ana leƙa su lokaci-lokaci, kuma rahoton 2012 ya nuna da suka kai shekara shida ba a ga wata illa ba a halayensu ko a dangantakarsu da iyaye. A Ingila, binciken Ayten Bilgin da Dieter Wolke na 2020 da jarirai 178 bai ga barin jariri ya yi kuka jefi-jefi ya ɓata shaƙuwarsa a wata 18 ba. Na yarda da waɗannan, kuma ya kamata su kwantar wa iyaye hankali. Amma a duba abin da aka gwada. Yaran Ostireliya sun haura wata shida, abin na lokacin kwanciya ne kawai, na 'yan kwanaki, a gidajen da ake amsa wa yaro sauran yinin gaba ɗaya. Rahoton bai ga illa ba, bai kuma ga wani amfani mai ɗorewa ga yaron ba, wato ba su fi 'yan'uwansu juriya ko ladabi ba. Malamin kuwa alkawarin da ya yi ke nan, cewa kuka na gina jarumta, kuma ya shimfiɗa dokarsa tun daga ranar suna. Kukan jarirai yakan ƙaru daga haihuwa ya kai ƙololuwa wajen mako na shida, ya ja baya wajen wata uku zuwa huɗu. Wanda ya fara barin jariri ya yi kuka a wata na biyu zai ga kukan ya ragu a wata na huɗu ya ce dabararsa ce ta yi aiki, alhali da ya ɗauke shi ma raguwar za ta zo. Abin da zai bambanta shi ne yawan kukan da aka sha a hanya. Wani bincike na 2006 ya kwatanta iyayen Landan, waɗanda suka fi ajiye jarirai da barinsu su yi kuka, da na Kopenhagen da wasu masu yawan ɗauka, aka ga jariran Landan sun fi kuka da kusan rabi a mako na biyu da na biyar.

Sai batun liƙe wa uwa. Wajen wata bakwai zuwa tara yawancin yara kan fara ƙiwa, su ƙi baƙo, su yi kuka in mai rainonsu ta ba da baya. Mutane da yawa kan ɗauki wannan a matsayin shaidar an sangarta yaro, alhali mataki ne na girma, alamar ya fara tantance nasa daga bare a daidai lokacin da rarrafe zai iya kai shi ga wuta ko rijiya. Abin dubawa shi ne yadda yaron zai kasance bayan shekaru. A jihar Minnesota ta Amurka, Byron Egeland da Alan Sroufe sun fara bibiyar 'ya'yan mata talakawa tun tsakiyar shekarun 1970, suka bi su har suka girma. Da yaran suka shiga makarantar share fage, malamansu, waɗanda ba su san tarihin kowa ba, sun bayyana cewa waɗanda suka fi maƙale wa malami da neman a yi musu komai su ne waɗanda ba su samu natsuwa da iyayensu ba tun suna jarirai, har da waɗanda a shekara ɗaya suka yi kamar ba ruwansu da uwa. Waɗanda aka saba amsa wa sun fi dogaro da kai da iya zama da sa'o'insu. Dalilin a fili yake. Yaron da ya tabbata in ya waiwayo zai tarar da mutum, hankalinsa na kan abin da yake bincike. Wanda bai tabbata ba, rabin hankalinsa na kan gadin uwarsa kada ta ɓace.

Kunyar ɗan fari ita ce sandar da malamin ya fi dogara da ita, kuma ita ce ta fi saurin karyewa. Al'adar gaskiya ce, Baba ta Karo ma ta bayyana ta a tarihin rayuwarta da Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954: uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, sau da yawa bayan yaye a ba wani riƙonsa. Amma kunyar ta hana uwa nuna ɗoki a idon jama'a ne, ba ta taɓa cewa a bar jinjiri a kan tabarma ya shiɗe da kuka ba. Uwar tana shayar da shi, yana kwana a jikinta, kuma da ma al'ada ta tanadi cewa haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta, inda kaka da inna da goggo da yayye ke rige-rigen ɗaukarsa. A gidan gargajiya, in jariri ya tsawaita kuka, tsohuwar gidan ce ke fara ɗaga murya tana tambayar ina uwar yaron nan take. Wannan ba zato ba ne kawai, an rubuta shi. A 1977 Robert Marvin da Robert LeVine da abokan aikinsu sun buga binciken da aka yi kan jarirai 18 na Hausawan Nijeriya, masu wata shida zuwa 14. Sun ga kowane jariri na da masu raino kusan huɗu, kusan kullum yana jikin wani ko kusa da hannun wani, ana amsa kukansa ba jinkiri, ya shaƙu da mutum uku ko huɗu, amma akwai guda da ya fi nema in ransa ya ɓaci, wato wadda ta fi ɗaukarsa da hulɗa da shi, ko da ba ita ta haife shi ba. A wurin Dogon na Mali, binciken 2001 da uwa da ɗa 42 ya samu kashi 67 cikin 100 masu natsuwa, kuma ba a samu ko yaro ɗaya mai kau da kai daga uwarsa ba, abin da masu binciken suka danganta da shayarwa duk lokacin da yaro ya nema. Matan Gusii na Kenya ba sa yawan kallon jariri ido cikin ido ko yi masa hira kamar matan Boston, amma sun fi su saurin amsa kuka, 'ya'yansu kuma sun fi ƙarancin kuka. Akwai masana irin su Heidi Keller da ke sukar nazarin shaƙuwa da cewa ya ɗauki salon Turawa masu hali a matsayin ma'auni, kuma suna da gaskiya a wurare da dama. Amma abin da suke karewa shi ne raino na hannu da yawa da goyo da manne jiki, ba watsi da mai kuka ba.

Ga mai neman abin koyi daga addini kuwa, ruwayoyin Bukhari da Muslim sun isa. Manzon Allah (SAW) yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, in ya ji kukan yaro sai ya taƙaita saboda ya san halin da uwar ke ciki. Ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Da Aƙra'u ɗan Habis ya ga ya sumbaci Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu gargaɗi ce kan rashin jin ƙai. Jam'i guda aka gaggauta saboda kukan jariri ɗaya.

To daga ina sangarta ke fitowa? Tana fitowa ne bayan yaro ya yi wayo, lokacin da abin da yake so ya rabu da abin da yake buƙata. A wata uku waɗannan biyun abu ɗaya ne, jariri ba ya son komai sai abin da jikinsa ke buƙata. A shekara biyu da uku sun rabu, yana son wuƙa, yana son alewa kafin tuwo, yana son wayar babansa, yana birgima a ƙasa in an hana shi. A nan ne karin maganar icce ɗanye ke aiki, a nan ne ake cewa a'a a tsaya a kai, kuma iyayen da ke miƙa wuya ga kowace birgima su ne ke shuka abin da malamin ke kuka da shi. Hana yaro abin da zai cutar da shi tare da rarrashinsa shi ma amsawa ce, don an karanci halinsa an ba shi abin da ya dace. Kuma a'a ta fi shiga kunnen yaron da ya riga ya amince da mai faɗinta.

Akwai wani haɗari a shawarar malamin da bai shafi shaƙuwa ba sam. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cikin yara 1,000 da ake haifa a Nijeriya, 132 ba sa kai shekara biyar, kuma adadin ya fi haka a Arewa maso Yamma. Jariri ba shi da bakin cewa jikinsa ya yi zafi ko kunnensa na ciwo. Sauyin muryar kuka, ko kukan da ya ƙi lallasuwa, ko yaron da ya daina kukan ma ya ƙi karɓar nono, sau da yawa su ne alamun farko na zazzaɓin cizon sauro ko ciwon huhu ko ƙarewar ruwan jiki, kuma mai ɗauka ce ke fara jin zafin jikin. Haka nan nono na ƙaruwa ne da yawan tsotso, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa a shayar duk lokacin da jariri ya nema, nono zalla har wata shida. Wancan binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata shida ke samun nono zalla. Koya wa mata su ɗauki kuka a matsayin makirci zai ja wannan adadi ƙasa ne.

Inda malamin ya kusa taɓa gaskiya shi ne gajiyar mata, sai dai ya ga alamar ya ba da maganin wani ciwon. Gidan da jariri ke da hannu huɗu yana ƙaranci a birane. Yau amarya na zaune a gidan haya ita kaɗai, ba kaka ba kishiya ba 'yar raino, ga girki ga wanki, wata ga aikin ofis ko sana'a, mai gida ya fita tun safe sai dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na fama da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon baƙin ciki, kuma wannan ciwo na daga cikin abubuwan da aka fi sani suna rage wa uwa ƙarfin lura da ɗanta. Macen da kuka ya kai ta maƙura, ta ji kamar ta girgiza yaron, gara ta kwantar da shi a wuri mai aminci ta fita ta sha iska na 'yan mintuna, likitoci ma haka suke cewa, don girgiza jariri da ƙarfi na iya zubar masa da jini a ƙwaƙwalwa. Wannan hutun mai raino ne, kuma yana nuna hannu ɗaya ya yi kaɗan. Dokar ƙwadago ta Nijeriya mako 12 ta ba mai jego, ko da yake jihohi irin su Legas da Kaduna sun kai wata shida ga ma'aikatansu, mafi yawan mata kuwa ba su ƙarƙashin kowace doka ta hutu. Sharhin malamin ya ambaci laifin uwa daga farkonsa har ƙarshensa, bai ambaci uba ko sau ɗaya ba, alhali a binciken 1977 iyaye maza na cikin waɗanda jariran Hausawa suka shaƙu da su, kuma babu abin da ya hana mai gida ya karɓi ɗansa ya zaga da shi tsakar gida matarsa ta samu barcin awa biyu.